Ba a Canza wa Tonka Suna

A tasharmu ta jiragen ruwa ba a kiran mutum da sunansa, da sunan jirginsa ake kiransa. Akwai wani likitan haƙori mai ƙaton tumbi, Marijeta ake ce masa, kuma yana amsawa. Akwai tsohon soja mai gashin baki kamar tsintsiya, kana cewa "Lucija" zai waiwayo. Ni kuwa Zdenko, da na ƙare ƙuruciyata ina koyar da kimiyya a sakandaren garin nan har furfura ta cinye mini kai, Tonka nake amsawa. Yadda aka yi na zama Tonka labarin Barba Jerko ne. Ni dai wawan cikin labarin ne kawai.

Barba Jerko, wato Kawu Jerko a yarenmu, mai gasa burodi ne. Ubansa masunci ne irin na wannan gaɓa tamu ta Dalmatiya, ya fita wata safiya bai dawo ba. Uwarsa ta rantse ba za ta ba teku namiji na biyu ba, ta ja shi da kunne ta kai shi gidan burodi tun bai iya ɗaura igiyar takalmi ba. A nan ya girma, a nan ya tsufa. Amma jinin bai bar shi ba, yana cuɗa fulawa idonsa na kan taga yana duban inda iska ta nufa. A gidan burodin ya haɗu da Tonka, wadda ke tsayawa a kantar sayar da burodi tana sallamar mutane, doguwar mace mai murya, in ta yi dariya ana jiyowa daga ƙofar coci. Allah bai ba su haihuwa ba. Jirgi suka samu.

Bayan rasuwar uwarsa ne ya sayi gangar jirgi, ba fenti ba jigon rataya ƙyalle, ya ajiye a bayan gida ya yi ta ƙarasawa da hannunsa duk Lahadi in an taso daga coci. Ɗan ƙarami ne na shan iska, mai ƙyalle, irin wanda iska ke turawa. Ranar da aka sa shi a ruwa an yi komai yadda ake yi. An saka tsabar kuɗi a ƙarƙashin jigo, limamin coci ya yayyafa ruwa, Tonka ta tsaya a matsayin uwar suna da kwalbar giya a hannu. Ta buga a goshin jirgin, kwalba ta ƙi fashewa. Jama'a suka yi tsit, don wannan ba alamar alheri ba ce. Sai ta kama wuyan kwalbar da hannu biyu ta maka da iya ƙarfinta, kwalba ta tarwatse, katako ya lotsa. Har yau wurin yana nan, kuma shi kaɗai ne rauni a jikin jirgin da ba ni na yi shi ba.

Sunanta aka sa. Ita ta rubuta shi a bayan jirgin da shuɗin fenti, kuma duk shekara in sanyi ya wuce ita ke sabunta shi. A ruwa ma ita ke riƙe sandar tuƙi, shi kuwa aikinsa jan igiya da cika baki.

A fagen camfi kuma, Barba Jerko ne limamin tasharmu. Ba a yin fito da baki a cikin jirgi, don fito yana kiran hadari. Ba a shiga da ƙafar hagu. Ba a fara tafiya ranar Juma'a, ba a shafa koren fenti, ba a shigo da lema. Ya taɓa fizge lemar likitan haƙori ya wurga ta a ruwa, mutumin kuma har godiya ya yi masa. Kowa na yi masa dariya a shagon kofi, amma in ka lura da kyau za ka ga mai dariyar ya kai bakin jirginsa ya ɗan tsaya ya canza ƙafa kamar takalmi ne ya matse shi. Sunan jirgi kuwa yana da nasa dokokin. Na mace ake sawa, ba a sa na iska ko na hadari, kuma in an sa an sa ke nan har abada.

Sai ciwon mantuwa ya kama Tonka. Da farko gishiri take zubawa a kofi a yi dariya. Daga baya aka tsince ta a bayan gari tana tambayar hanyar gidansu. Barba Jerko ya rufe gidan burodi, kuma da ya ga ba zai iya barinta ita kaɗai ko na ɗan lokaci ba, ya sa jirgin a kasuwa.

A daidai lokacin na yi ritaya, na zauna a gida ina gyara wa matata Gordana yadda ake jera cokali. Da ta gaji ta ce in nemi abin da zai fitar da ni daga ɗakin girkinta, ko da kiwon kunkuru ne. Na sayi jirgin. Me zai gagare ni? Na shekara da shekaru ina zana wa yara a allo yadda iska ke tura ƙyalle, da kibiyoyi da lambobi. Abin da allo bai gaya mini ba shi ne, jirgi ba shi da birki. Ranar farko da na dawo tasha na daki gadar dutsen da muke ɗaure jirage har tabarau ya faɗi daga fuskata. Tun daga ranar, Bepo mai kula da tasha yana hango ƙyallena zai kurma ihu:

"Jama'a, Tonka na zuwa! Kowa ya kare jirginsa!"

Sai ka ga manyan mutane suna gudu da tsofaffin tayoyi suna ratayawa a gefen jiragensu.

Wannan kiran ne ya fara ci mini rai. Ni da aka saba ce wa Farfesa, yanzu yaran da na koyar suna ce mini Tonka a kan titi. Na yanke shawarar canza suna.

Kullum da safe Barba Jerko yakan riƙo hannun matarsa su zo tasha. Takan tsaya ta daɗe tana kallon bayan jirgin, daga nan su je su zauna a benci. Duk tasha ta san sunan nan na shuɗin fenti shi ne kusan abu na ƙarshe da Tonka ke ganewa a duniya, kuma ta san abu ɗaya tsohon yake so, kada sunan ya bar wurin matuƙar tana da idon ganinsa. Duk tasha ta sani, ban da mai ilimin cikinta. Ni daga nesa nake ɗaga musu hannu, ina cewa a raina, tsofaffi da sabo. Shi kuma bai taɓa faɗa mini ba. Mutanenmu gara su ce maka teku za ta haɗiye ka da su buɗe baki su ce don Allah.

Na fara yi wa Gordana tayin sunanta, don in nuna ni ma na san al'ada.

"Sunana?" ta ce. "A bayan abin da kake buga wa dutse safe da yamma? A ce Gordana ta sake fasa hanci? Na gode, ka riƙe kayanka."

Na koma na yi ta tunani, na fito da suna mai nauyi, wanda ya dace da mutum irina: Razum, wato Hankali. Na same su a benci na sanar da Barba Jerko, ina ji da kaina.

Ya dube ni daga sama har ƙasa. "Farfesa, sunan abin da ka rasa za ka sa mata?"

"Barba, ai jirgina ne yanzu."

"Naka ne, wa ya musa? Amma teku da Tonka ta san ta. Ka canza, ta ga baƙuwa a gidanta, ka san yadda take yi da baƙi."

"Haba Barba, teku ruwa ne da gishiri. Ba ta da ido, ba ta da kunne, ba ta iya karatu."

"To, tunda ka fi kowa sani, je ka canza."

Ya faɗi haka ne cikin sanyin murya, irin ta likitan da ya ga ba sauran abin yi. Ni ba na tsoron camfi, kowa ya sani. Kawai dai na ga ba laifi a girmama manya. Na koma na tambaye shi ko akwai hanyar da ake bi, ba don na yarda ba, don nazari.

Ya ce akwai, amma da wuya. Sai an cire tsohon sunan daga ko'ina a cikin jirgin, kada a bar ko ɗaya, na baya shi ne na ƙarshe. Sannan a rubuta shi a ɗan ƙarfe a jefa a ruwa, a bi shi da giya mai kyau, ba irin wadda nake sha ba. In an bar alama ɗaya, teku za ta ce an yi mata wayo, gara ma ba a fara ba.

Na ce wannan ai aikin yini guda ne. Ashe ban san mutanen da na sayi jirgi a hannunsu ba. Sunan yana jikin cokula, yana gindin kofuna, yana kan zoben ceton wanda ya faɗa ruwa, an ɗinka shi a matashin kai, an sassaƙa shi a ƙarƙashin tebur. Na goge, na kankare, na kwashe na kai gida. Duk sanda na ce na gama, Barba Jerko zai zaunar da Tonka kusa da Bepo, ya shigo da ƙafar dama, ya ɗan shinshina kamar mai duba burodi a tanda, ya ɗaga wani katako. Tonka. Ya jawo wata igiya, ga ta a bakin igiyar. Wata rana ya kifa bokiti ya nuna mini sunan a gindinsa, alhali bokitin nan ni na saye shi da kaina a wancan makon. Fentin ma bai gama bushewa ba. Ni kuwa, masanin kimiyya, na tsaya ina tunanin ko dai na manta ne, wataƙila tsohon bokitin ne ya yi kama da sabo.

Sai kuma maganar rana. Juma'a dai ba magana. Talata ma, in ji shi, ranar faɗa ce. In iskar kudu na kaɗawa ba a yi, don tana mayar da giya bakin gaɓa. In wata ya yi ƙanƙanta ba a yi, in ya cika kuma ya yi yawa. In duk waɗannan sun daidaita, sai ya tuna bikin wani waliyyi ne da ko limamin coci bai taɓa jin sunansa ba. Haka zafi ya kusa ƙarewa ina nan ina Tonka.

Na kai ƙara wurin Gordana. Ta ajiye wuƙar da take yanka albasa ta dube ni.

"Zdenko, kana da ido kuwa?"

"Biyu, har da tabarau."

"To ka riƙa amfani da su."

Na ɗauka maganar bokiti take yi.

Haƙurina ya ƙare wata safiya. Na ce yau ko Talata ce, ko iskar kudu ce, ko bikin waliyyan duniya ne gaba ɗaya, sai na kankare sunan nan. Na shiga ɗan kwale-kwalen roba na zagaya ƙarƙashin bayan jirgin, da ƙarfen kankare fenti a hannu. Na ɗora bakinsa a kan fentin ke nan, sai na ji taku a kan gada, daidai saman kaina. Ba su gan ni ba. Ban taɓa kusantarsu haka da safe ba, ban kuma taɓa jin abin da suke faɗa ba.

"Bawan Allah, ina za ka kai ni?" Muryar Tonka ce, ta koma ƙarama kamar ba ita ba. "Ka sake mini hannu. Mijina zai zo nemana, kuma ba shi da haƙuri."

"Mun iso, uwar gida. Dubi can kawai."

Na ɗaga kai. Tana tsaye a bakin gada cikin baƙar rigar sanyi da aka saka mata maɓallan daidai, ta miƙa yatsa tana bin rubutun a iska, sannu-sannu, leɓenta na motsi.

"Tonka," ta ce. Ta dafa ƙirjinta. "Ni ce."

Sai ta juya ta kalli mutumin da ke riƙe da hannunta, fuskarta ta canza, muryar ta dawo, irin wadda ake jiyowa daga ƙofar coci.

"Jerko! Kana kallo fentin nan ya koɗe haka? Kai dai ban da surutu ba abin da ka iya."

"Laifina ne," in ji shi. Mutum ne da aka zage shi yake murna kamar an ba shi kyauta.

Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba ko a gaban aji. Na so ruwa ya tsage in shige. A nan idonta ya sauko kaina.

"Kai kuma wane ne? Me kake yi mini da ƙarfe?"

Barba Jerko ya leƙo. Ya ga ƙarfen, ya ga inda bakinsa yake. Bai yi maganar teku ba, bai yi maganar Talata ba. Kallona kawai yake.

"Datti nake cirewa, Teta Tonka," na ce, yadda muke kiran iyayenmu mata. "Kafin a yi sabon fenti."

Na miƙe don in gaishe ta yadda ya kamata, na manta a kan me nake tsaye. Kwale-kwalen ya zame, ƙarfen ya tafi ƙasan teku, ni kuma na bi shi har wuya. Bepo ya fito daga rumfarsa yana tafa hannu.

"Teku ta karɓi ƙarfe! Ta karɓi Farfesa ma! An gama biki, a kawo giya!"

Tonka ta yi dariya har da riƙe ciki. Bepo ya ce mini daga baya rabon da ya ji wannan dariyar ya manta.

Washegari na sayo shuɗin fenti. Ita ta zauna a bakin gada a kan kujera tana ba da umarni, ni ina ƙasa da buroshi, kwale-kwale na rawa. Da na gama ta karkata kai ta duba, ta tambayi mijinta ko da gaske wannan malamin makaranta ne. Ya ce da gaske ne. Ta ce Allah ya ji ƙan yaran garin nan. Na mayar da cokula da kofuna da matashin kai inda na same su. Ni da Barba Jerko ba mu taɓa tayar da zancen ba. Kawai dai daga ranar na daina fita kafin su zo, kuma in na ɗaure jirgin nakan tabbata bayansa na kallon gada, abin da kan ci mini rabin yamma da sauran mutuncina.

Tonka ta rasu a tsakiyar sanyi. Duk tasha ta je coci, har tsohon sojan nan ya yi kuka a fili.

Da ɗumi ya fara dawowa, ina zaune a jirgi ina fama da wani ƙulli da na yi da kaina na kasa kwancewa, sai ga Barba Jerko. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. A hannu ɗaya kwalbar giya ce mai kyau, a ɗaya kuma ɗan ƙarfe da sabon abin kankare fenti.

"Farfesa, yau Laraba, iska daga arewa take, ba bikin kowa. Ka yi haƙuri da ni, na sani. Tashi mu sallame ta, ka sa Hankalin naka."

Na ce, "Ba a canza wa jirgi suna, Barba."

"Wa ya gaya maka?"

"Teku da Tonka ta san ta."

Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi, ya zauna a bakin gada. "Teku ba ta san kowa ba, ɗana. Ubana bai taɓa shiga da ƙafar hagu ba, bai taɓa fita ranar Juma'a ba, ta haɗiye shi ko hularsa ba ta dawo mana da ita ba. Maganar Talata da ta iskar kudu ni na ƙirƙira. Bokitin ma ni ne."

"Na sani," na ce, ko da yake maganar Talata na ɗauka gaskiya ce, har na taɓa ɗage cire haƙori saboda ita.

"To me kake jira? Mai karantawar ta tafi."

Sai na tashi na je goshin jirgin na ɗora hannu a wurin nan da ya lotsa.

"Kai ka ce sai an cire duk alamarta, kada a bar ko ɗaya. Wannan fa? Da me zan kankare shi?"

Ya kalli wurin. Sannan ya ciro hankici ya fyace hanci da ƙarfi, ya ce iskar arewa ba ta yi masa daɗi. Muka buɗe kwalbar, muka zuba wa teku kaɗan, ba don mun yarda ba, muka shanye sauran da kofuna biyu masu suna a gindi.

Na sha yi masa tayin mu fita tare, ya ce bai gaji da duniya har haka ba. A benci yake zama, kullum da la'asar, daidai lokacin da jirage ke dawowa. Sauran sukan shigo shiru, su ɗaure, su tafi gida, ba wanda ya ambaci sunansu. Ni kuwa ana hango ƙyallena tasha ke ruɗewa. Gaskiyar magana, yanzu na ɗan iya. Zan iya shigowa in tsaya ƙwai bai fashe ba. Amma ban ga dalilin nuna wa kowa ba. Nakan bar ɗan gudu, in karkata kaɗan wajen jirgin likitan haƙori, sai Bepo ya buɗe maƙogwaro, sauran su amsa masa daga kowane gefe.

"Tonka na zuwa! Tonka, rage gudu! Wayyo Tonka! Ku kama Tonka!"

Ba sunan da ake kira a garin nan kamar nata. Ni kuma ina riƙe da sandar tuƙi, ina shan zagi, ina satar kallon benci. Barba Jerko yakan miƙe tsaye, ya gyara wuyan rigarsa, ya shafa sumarsa da tafin hannu, ya taho bakin gada ya miƙo hannu a ba shi igiya.